Kwamfutar Falo da Tsofaffin Wasannin Bidiyo: Ina Ingancin Kwaikwayo Yake?

A ranar 3 ga Disamban 2018 kamfanin Sony ya fitar da wata 'yar na'ura mai suna PlayStation Classic, ɗauke da wasanni 20 na PlayStation ta farko, a kan kusan dala 100. Sony ne ya ƙera na'urar asali a 1994, sirrinta duk yana hannunsa, injiniyoyi kuwa ba ya rasa su. Amma ba a daɗe ba aka gano cewa manhajar da ke tafiyar da wasannin ita ce PCSX ReARMed, wadda masu sa-kai suka rubuta suka bayar kyauta. Wannan bai dami kowa sosai ba. Abin da ya ɓata wa masu saye rai shi ne wasanni 9 daga cikin 20, har da Tekken 3, bugun Turai ne, wanda ke zana hoto sau 50 a sakan maimakon sau 60 na Amurka da Japan. Duk wanda hannunsa ya san wasan sai ya ji faɗan ya yi nauyi. Kafin watan ya ƙare 'yan kasuwa sun fara karya farashi.

Masu son haɗa ƙaramar kwamfuta a falo don buga tsofaffin wasanni sukan fara da tambayoyi biyu: wace na'ura ce ta fi ƙarfi, kuma wasanni nawa za ta ɗauka? Hujjar da nazarin nan zai kafa ita ce waɗannan biyun sun fi sauƙin amsawa, kuma su ne mafi ƙarancin tasiri. Abin da ke raba na'urar da za a riƙa kunnawa kullum da wadda za ta sha ƙura a bayan talabijin shi ne lokaci: ko wasan na tafiya a kan ainihin saurinsa, da kuma tsawon ratar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako a allo. Yawancin abubuwan da ke ɓata wannan lokaci kuwa a wajen akwatin suke.

Aikin manhajar kwaikwayo

Kowace na'urar wasa kwamfuta ce mai harshenta. Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan ranar 15 ga Yulin 1983, kuma wadda aka kwafi tsarinta wajen ƙera na'urorin jabu masu kaset da suka cika kasuwanninmu a shekarun 1990, furosesarta megahaz 1.79 ce, ma'adanar aikinta kilobayit 2 kacal. Wasan Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Abin da ke cikin kaset umarni ne da aka rubuta wa waccan furosesa ita kaɗai, kwamfutar yau ba ta jin su. Manhajar kwaikwayo sai ta gina siffar tsohuwar na'urar a cikin lissafi, furosesa da guntun zana hoto da guntun sauti da hanyoyin da ke tsakaninsu, sannan ta miƙa wa wannan siffa umarnin kaset ɗin kamar ba abin da ya sauya.

Hanya biyu ake bi. Ta farko kamar tafinta ce a kotu: a faɗi jimla ya juya ta, a sake faɗin ta ya sake juyawa, ko sau dubu ne. Ta biyu ita ce tafintan ya lura da maganar da ake maimaitawa, ya rubuta ta sau ɗaya, daga nan ya riƙa karantowa. Ta biyun ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta sa ƙananan na'urori ke iya ɗaukar PlayStation da Nintendo 64.

Inda wahalar take shi ne jera ayyukan a kan lokaci. A tsohuwar na'ura duk guntayen suna aiki tare, suna bin bugun agogo. Manhaja kuwa dole ta bi su ɗaya bayan ɗaya: ta tafiyar da furosesa kaɗan, ta tsaya, ta tafiyar da guntun hoto kaɗan, ta komo. Idan sau ɗaya take wannan musanya a kowane layin hoto, aikin ya yi sauƙi, kuma yawancin wasanni ba za su nuna bambanci ba. Idan a kowane bugun agogo take yi, nauyin ya ninku ƙwarai. ZSNES, manhajar kwaikwayon Super Nintendo da ta fito a 1997, ta zaɓi sauƙi, shi ya sa ta yi aiki a kwamfutocin Pentium na wancan zamani. Wasan da ya ƙi sai a yi masa faci na musamman. Marubucin takwararta bsnes, wanda aka sani da byuu, ya zaɓi daidaito, kuma a wani rubutu da ya yi a Ars Technica a 2011 ya nuna cewa kwaikwayon Super Nintendo yadda ya kamata na neman furosesa mai gudun gigahaz 3. Furosesar Super Nintendo ita kanta megahaz 3.58 ce, wato ninki sama da 800 ke nan. Daga misalan da ya kawo akwai wasan jirgin yaƙi Air Strike Patrol, inda ake zana inuwar jirgi ta hanyar sauya hasken allo a tsakiyar layi. Manhajar da ke leƙa guntun hoto sau ɗaya a layi ba ta ganin wannan sauyi, sai inuwar ta ɓace, alhali da ita mai wasa ke auna inda bam zai faɗa.

Shi ya sa shekarar na'ura ba ta nuna wahalar kwaikwayonta. PlayStation ta farko da Sega Saturn duk a ƙarshen 1994 suka fito. Ta Sony furosesa ɗaya gare ta da tsari miƙaƙƙe, kusan kowace ƙaramar na'ura a yau na iya ɗaukarta. Saturn na da manyan furosesa biyu da guntayen hoto biyu da dole a daidaita tafiyarsu, har gobe tana wahalar da ƙananan na'urori.

Wace na'ura, don ƙuruciyar wa?

Amsar da aka fi ji ita ce Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman katin banki da Eben Upton da abokan aikinsa suka fitar daga Kambirij ta Ingila a Fabrairun 2012, a kan dala 35, da nufin koya wa yara rubuta manhaja. A shekarar ce aka fara RetroPie, wadda ta mayar da ita na'urar wasa. Pi 3 ta 2016 na ɗaukar Famicom da Sega Mega Drive da Super Nintendo da PlayStation ta farko. Pi 4 ta 2019 ta ƙara da wani kaso na Dreamcast da Nintendo 64. Pi 5 ta 2023, mai gudun gigahaz 2.4, ta sa waɗannan biyun sun samu sarari.

Sai dai shawarar sayen Pi ta fito ne daga mutanen da ƙuruciyarsu Nintendo ce ta shekarun 1980 da farkon 1990. Wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi hanyarsa daban: Contra da harbin agwagwa a na'urar jabu, Mortal Kombat a Sega, sannan gidan gem, inda ake biya a buga Winning Eleven a PlayStation, daga baya Pro Evolution Soccer a PlayStation 2. Ga mutane da yawa a nan, tsohon wasa na nufin ƙwallon PS2 da hannu biyu da ihun 'yan kallo. Idan wannan kake nema, Pi ba za ta kai ka ba. PS2, wadda ta fito a 2000, na da furosesa mai kusan megahaz 295 tare da wasu sassa biyu na lissafin zane masu wuyar kwaikwayo, kuma PCSX2, manhajar da ta fi ƙwarewa a kanta, an gina ta ne a kan tsarin furosesar Intel da AMD, Pi kuwa tsarin ARM take bi.

Nan ne ƙananan kwamfutocin ofis na hannu suka shigo: Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny, HP EliteDesk Mini, kowace girmanta bai fi lita ɗaya da wani abu ba. Akwai dalilin da ya sa suka yawaita. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin furosesar Intel da suka girmi zubi na 8. Ofisoshi sai suka shiga sallamar na'urori masu lafiya, irin waɗanda a ƙarshe ke sauka kasuwar kayan gwanjo. Core i5 ta zubi na 6 ko na 7 na ɗaukar duk abin da Pi ke ɗauka, ta ƙara da GameCube da wasannin PS2 da dama a ainihin girman hotonsu, ko da yake ba duka ba. Sababbin ƙananan kwamfutoci masu Intel N100, wadda ta fito a farkon 2023, suna kusa da wannan matsayi da ƙarancin shan wuta.

Lissafin kuɗin ma yana da ruɗi. Farashin da ake faɗa na Pi na allon ne tsirara. Sai ka sayi caja, da akwati, da abin sanyaya ta, da katin memori, da wayar HDMI mai ƙaramin baki. Kafin ka gama ka kusa kuɗin kwamfutar ofis da ta zo da komai nata. A ganina Pi ta fi dacewa da wanda burinsa ya tsaya a PlayStation ta farko kuma yake lissafin kowane wat na batirinsa. Wanda ya wuce nan ya nemi ta ofis.

Akwai hanya ta uku, MiSTer, wadda Alexey Melnikov ya fara a 2017. Ita guntu ne da ake sake tsara wayoyin cikinsa su ɗauki siffar tsohuwar na'ura, sassan na aiki tare kamar na asali. Daidaitonta abin yabo ne, amma tana da tsada, kuma ba ta kai PS2 ba.

Ratar da ke tsakanin yatsa da allo

Tsohon talabijin mai ƙeya ba ya ajiye hoto. Sigina na shigowa, bindigar lantarkin da ke ƙeyarsa na zana shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, nan take. Da wannan ma'auni aka tsara wasannin wancan zamani. A sau 60 cikin sakan, kowane hoto, wato firam, na ɗaukar milisakan 16.7, kuma akwai tsalle da kaucewar da aka ba su firam kaɗan kawai.

Bari mu bi danna maɓalli guda ɗaya a na'urar falo ta yau. Hannun wasa na USB galibi sau 125 a sakan ake tambayarsa ko an danna wani abu, wato ana iya jiran milisakan 8 tun a ƙofa. Idan na Bluetooth ne jiran ya ƙaru, kuma ba ya tsayawa a adadi ɗaya, wanda ya fi muni, domin hannun mutum na iya sabawa da jinkiri tsayayye amma ba ya sabawa da mai hawa da sauka. Manhaja ta karɓi saƙon, ta lissafa firam, ta miƙa wa babbar manhajar kwamfuta. Ita kuma sai ta sa shi a layi yana jiran lokacin da allo zai karɓa, wani lokaci da firam ɗaya ko biyu a gabansa. Daga nan ya isa talabijin na bango, wanda ba ya nuna komai sai ya karɓa, ya faɗaɗa shi, ya gyara launi, ya goge abin da yake zaton datti ne, wani ma ya ƙirƙiro hotunan tsakiya don motsi ya yi santsi. Wannan kwalliya kaɗai na iya cin milisakan 50 zuwa 100. A haɗa duka, sai ka ga firam shida ko bakwai sun shige kafin Mario ya ɗaga ƙafa, alhali ramin ba ya jira.

Abin lura shi ne mai wasa ba ya gane jinkiri a matsayin jinkiri. Abin da yake ji shi ne hannunsa ya mutu. Mutumin da a da yake gama Contra da rai uku sai ya ga yana faɗuwa a mataki na biyu, ya ce girma ne ya zo. Masu gwada na'urori sukan yi amfani da faɗan ƙarshe na Mike Tyson's Punch-Out!! na 1987, inda naushi ɗaya ke kai mutum ƙasa kuma damar kaucewa ƙanƙanuwa ce. A na'ura mai jinkiri sosai faɗan kusan ba ya ciwuwa, komai ƙwarewa.

Gyara mafi girma kyauta ne: a shiga saitin talabijin a kunna yanayin wasa, wanda ake rubutawa Game Mode. Yana kashe yawancin kwalliyar, kuma a talabijin da dama yana sauko da jinkirin zuwa firam ɗaya ko ƙasa da haka. A kula, wasu talabijin kowace ƙofar HDMI saitinta daban. Na biyu shi ne hannu mai waya. Na uku yana cikin RetroArch, manhajar da ke tattara manhajojin kwaikwayo a ƙarƙashin inuwa ɗaya: a rage yawan firam ɗin da ake yarda su tsaya a layi.

Na huɗu ya cancanci a tsaya a kansa, domin dabara ce da na'urar asali ba ta iya ba. Wasanni da yawa suna da jinkiri na cikin gida, firam ɗaya ko biyu tsakanin karanta maɓalli da nuna motsi, tun a kaset ɗin asali. A 2018 RetroArch ta shigo da abin da ta kira Run-Ahead. A kowane firam manhajar na adana halin da na'ura ke ciki, ta ruga gaba da firam ɗaya ko biyu a ɓoye, ta nuna wa mai wasa na ƙarshen, sannan ta koma inda ta adana. Mai wasa na ganin abin da zai faru kafin lokacinsa, sai jinkirin cikin gida ya cike gurbin wanda allon zamani ya jawo. Kuɗinsa shi ne kowane firam sai an lissafa shi sau biyu ko uku. A nan ne ƙarfin furosesa ke da amfani na gaskiya ga tsofaffin wasanni: da shi ake fanso lokacin da ya salwanta a hanya. Idan kuwa aka zarce adadin jinkirin wasan, farkon motsi zai riƙa yankewa, tsalle ya zama kamar an fizgi mutum.

Ba sai an yi ta musu ba, ana iya aunawa. Wayoyi da yawa na ɗaukar bidiyo mai hoto 240 a sakan. Ka jingina wayar yadda za ta kama yatsanka da allo tare, ka danna tsalle, sannan ka bi bidiyon hoto-hoto daga inda maɓallin ya nutse zuwa inda ɗan wasan ya motsa. Kowane hoto huɗu firam ɗaya ne. Ka yi kafin kunna yanayin wasa, ka yi bayansa, za ka ga inda ɓarnar take.

Sai batun saurin wasan kansa. Famicom ba sau 60 cif take zana hoto ba, 60.0988 ne. Bambancin kamar ba komai, amma yana nufin firam ɗaya na rara a kusan kowane sakan goma, kuma idan ba a yi dabara ba sai hoto ya riƙa tuntuɓe ko sauti ya riƙa ƙaras-ƙaras. Hans-Kristian Arntzen, wanda ya fara RetroArch, ya magance wannan da sa wasan ya bi agogon allo, sannan a riƙa miƙe sautin ko a tsuke shi da ɗan abin da kunne ba ya kamawa. Bambancin 50 da 60 kuwa kunne na kama shi sarai, domin kashi 17 cikin ɗari ne. Najeriya tsarin PAL ta bi a talabijin, Nijar SECAM, duk biyun 50 ne. Wanda ya taso da Mega Drive bugun Turai ya san Sonic na 1991 da kiɗansa a hankali; ranar da ya ji bugun Amurka zai ce an ƙara masa gudu, alhali wannan ne saurin da masu wasan suka tsara a Japan. In dai ba a Turai aka ƙirƙiri wasa ba, bugun 60 ya kamata a nema.

Hoton da aka zana wa wani allo

Famicom na fitar da ɗigo 256 a kwance da layi 240 a tsaye. Allon zamani mai layi 1080 ba ya rabuwa da 240 ba tare da saura ba: ninki huɗu 960 ne, sauran 120. Idan aka tilasta hoton ya cika allo, wasu layukan za su fi wasu kauri, kuma da zarar fage ya fara gungurawa sai ka ga yana kaɗawa. Maganin shi ne a ninka da cikakken adadi a bar baƙin gefe. Allon 4K mai layi 2160 ya fi dacewa, ninki tara cif. Ƙananan talabijin masu inci 32 da aka fi saye kuwa da yawansu layi 768 gare su, don haka duk abin da ka aika sai sun sake taɓa shi. Haka nan fasalin hoton 4:3 ne. Miƙe shi ya cika faffaɗan allo na mayar da ƙwallo ƙwai.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: masu zanen sun san cewa wayar bidiyo mai bakin rawaya da tsohon allo suna cakuɗa ɗigon da ke maƙwabtaka, sai suka mayar da wannan rauni kayan aiki. Ruwan da ke zubowa daga dutse a matakin farko na Sonic ratsi-ratsi ne a tsaye, ɗaya ruwa ɗaya fili. A tsohon talabijin suna narkewa su zama ruwa mai nuna abin da ke bayansa. A allon zamani ratsin kake gani ƙuru-ƙuru. Don haka hoton da ya fi kaifi ba lallai ne ya fi kusa da nufin mai zane ba. Akwai matatun hoto da ke maido da kamannin tsohon allo, daga crt-pi mai sauƙi da aka yi wa Pi zuwa CRT-Royale da ke neman guntun zane mai ƙarfi. Bindigar harbin agwagwa dai sai haƙuri. Tana aiki ne da baƙin firam da farin murabba'in da ke walƙawa a daidai lokacin da aka ja kunama, allon bango kuwa ya makara.

Wuta, zafi da ƙura

Littattafan jagora da aka rubuta a Turai ba su damu da wannan babi ba, mu kuwa shi ne ke kashe mana na'ura. Katin memori ba ya rubuta bayani ɗai-ɗai, rukuni-rukuni yake kwashewa ya sake zubawa, don haka idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, abin da zai lalace na iya zama fayil ɗin da ba a ma taɓa ba. Sau da yawa alamar ita ce na'urar ta ƙi tashi washegari. Batocera, manhaja irin RetroPie wadda ta ɓalle daga Recalbox ta Faransa a 2016, ta rage wannan haɗari da ajiye babbar manhajarta a sashen da ba a rubutu a kansa yayin wasa, amma inda ake adana ci gaban wasanni na nan a buɗe. Ƙaramin UPS ko inbata ya fi kowane saiti amfani. Fawa-banki na iya riƙe Pi 4 idan yana ba da bolt 5 da amfiya 3, sai dai da yawansu na yanke wuta na ƙiftawar ido idan aka sa su caji ko aka cire, wannan kuwa ya isa ya kashe ta. Cajar waya ta gama-gari ma ba ta wadatar ba: da wutar ta yi ƙasa Pi za ta nuna gargaɗi ta rage gudu, mai ita ya yi ta zargin manhaja.

Zaɓin da na ga an raina shi ne tsohuwar laftof mai fasasshen allo. Allon ba a buƙatarsa tunda talabijin za a haɗa, kuɗinta ya faɗi saboda lahanin, kuma idan batirinta na riƙe ko minti goma ne, ta zo da kariyarta daga ɗauke wuta.

Pi na fara rage gudu da kanta idan guntunta ya kai digiri 80. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura 40, ga na'ura a rufe cikin durowar ƙasan talabijin, ba a jimawa ake isa can. Fanka na taimakawa, amma da hunturu ita ce ke zuƙo ƙura ta cusa. Akwatin alminiyom wanda jikinsa ne ke fitar da zafi ya fi dacewa da Pi. Kwamfutar ofis kuma a riƙa buɗe ta ana hurewa. Katin memori na jabu, mai nuna gigabayit 128 alhali cikinsa bai kai ba, a gwada shi da H2testw ko F3 kafin a zuba masa komai.

Daga kwamfuta zuwa kayan falo

Ɗora manhajar ba wuya. A sauko da Batocera, a rubuta ta a filash ko kati da balenaEtcher, a sa kwamfuta ta tashi daga nan. Ba ta taɓa abin da ke cikin faifan kwamfutar. Ma'aunin nasara shi ne a kunna ta faɗa kai tsaye cikin jerin wasanni, a yi komai da hannun wasa, ba allon rubutu ba linzami. Idan ƙanenka ko ɗanka ba zai iya kunnawa ya buga ya fita ya kashe ba sai an kira ka, aikin bai kammala ba. EmulationStation, fuskar da Batocera da RetroPie ke amfani da ita, na da yanayin da ke ɓoye saituna don yara, kuma ya kamata a kunna shi tun ranar farko.

Doka, da abin da za a zuba a ciki

Manhajar kwaikwayo ita kanta ta sha a kotu. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke wa kamfanin Connectix, mai manhajar kwaikwayon PlayStation, hukunci mai daɗi a ƙarar da Sony ya shigar, ta ce nazarin BIOS, wato manhajar cikin na'urar PlayStation, don gina manhajar da za ta yi aiki irin nata halal ne. Kamfanin Bleem, mai irin wannan manhaja, shi ma bai faɗi a gaban Sony ba, amma ɗawainiyar shari'a ta durƙusar da shi a 2001. Wasannin da fayil ɗin BIOS kuwa dukiyar masu su ce. A 2018 masu shafukan rarraba kwafin wasanni na LoveROMs da LoveRETRO sun amince da hukuncin biyan Nintendo sama da dala miliyan 12, a Maris na 2024 kuma masu Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch ta Nintendo da ke kasuwa a lokacin, suka amince da dala miliyan 2.4 suka rufe. Waɗannan hukunce-hukuncen Amurka ne, amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Hanyar da ta fi tsabta ita ce mutum ya kwafi faifan da ya mallaka, abin da kowace kwamfuta mai karanta faifan DVD ke iya yi wa na PlayStation da PS2.

Ɗaya ɓangaren ma na da hujja mai nauyi. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a Yulin 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa ta kowace hanya. Batirin da ke cikin kaset na mutuwa, faifai na ruɓewa, kamfanoni na rushewa a rasa magajin haƙƙi. Tun da Nicola Salmoria ya fara manhajar kwaikwayo ta MAME a 1997, masu sa-kai ne suka ɗauki mafi yawan nauyin adana wannan tarihi, kuma kamfanonin da ke kai ƙara su ma da kwaikwayo suke sayar da tsofaffin wasanninsu. Wannan bai mayar da kwafin abin wani halal ba, amma ya nuna doka ta bar giɓi babba.

Cikin wannan giɓi ne masu akwatunan da ake tallatawa da wasanni dubu goma ko dubu arba'in ke cin kasuwa. Mun san irinsu tun zamanin kaset mai 9999 a ciki, wanda idan ka bi jerin sai ka tarar wasa goma ne ake ta sauya wa suna. Duk wasannin da Nintendo ya ba lasisi a NES, wato Famicom ta Amurka da Turai, wajen 700 ne. Sauran adadin bugu-bugu ne na ƙasashe, da gurɓatattun kwafi, da wasannin da guntun akwatin ba zai iya ja ba. Ga kati mafi araha, ga hannu marar waya mai jinkiri, ga saitin da ya miƙe hoto. Nintendo da ya tashi yin tasa a 2016, wasa 30 ya zuba a NES Classic, aka yi ta layi ba a samu ba. Mai karatu, idan an miƙo maka akwatin dubu arba'in, ka mayar da kuɗinka aljihu, ka nemi tsohuwar kwamfutar ofis da hannu biyu masu waya.